Daga Fijo 504 Zuwa 'Yar Kwatano: Abin Da Tarihi Ke Faɗa Wa Mai Sayen Motar Farko



Yau ba saitin waya za mu yi ba, maganar mota za mu taɓa. Kaka ta yi, an kai masara da rake kasuwa, ma'aikaci ya kwashi adashi, ɗan kasuwa ya ga ɗan sarari. Daga Tudun Kaya zuwa cikin Karaye da Rogo, a irin wannan lokacin ne za ka ji matashi yana tambaya: wace mota ya kamata in fara saya? Wani ya ce masa Corolla, wani ya ce Golf, wani ya rantse da Honda.

Kafin a ambaci sunan kowace mota, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda iyayenmu da yayyenmu suka amsa wannan tambayar. In ka bi tarihin shekara 50 ɗin da suka wuce, za ka ga abu ɗaya yana ta maimaita kansa: motar da ta daɗe a ƙasar nan ita ce wadda kayan gyaranta da bakanikenta suke kusa da mai ita. Kyau da yayi duk a baya suke biyowa.

LOKACIN DA MOTA TA ZAMA ABIN MA'AIKACI

A zamanin Turawa, da 'yan shekarun farko bayan samun 'yancin kai a 1960, ƙaramar mota ta shiga abin sarakuna ce da manyan ma'aikata da attajirai. Mutumin karkara abin da ya sani shi ne jaki da keke, sai babbar motar katako ranar kasuwa, mutane a sama kaya a ƙasa. Mai Raleigh ma a lokacin babban mutum ne a ƙauye.

Abubuwa sun juya a farkon shekarun 1970. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, don ta yi daidai da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru. Ranar 1 ga Janairu, 1973 naira ta maye gurbin fam. A ƙarshen wannan shekarar farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kuɗi suka cika baitulmali. Sai ga rahoton Udoji a 1974, aka ƙara albashi, aka biya ariyas. Malamin makaranta da akawu da ma'aikacin gona suka fara sayen babur, na sama da su kuma suka karɓi bashin mota daga gwamnati.

To a nan ne fa talaka mai albashi ya fara yin tambayar da kake yi yau.

ZAMANIN FIJO

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ga cewa maimakon a riƙa shigo da motoci, gara a haɗa su a gida. Aka kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, masana'antarsa ta fara aiki a Kakuri, Kaduna, a 1975. A wannan shekarar Volkswagen ma ta fara haɗa Beetle a Legas, wadda mu muke ce wa Boswaja. Daga baya aka samu na manyan motoci: Fiat a Kano, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu.

Ga wani abu da matasa da yawa ba su sani ba. A 1975 tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, jirgi sai ya yi watanni bai sauke kaya ba. Saboda haka sassan Fijo ta sama aka riƙa kawo su, daga birnin Lyon na Faransa zuwa filin jirgin saman Kano, sannan a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Wato Fijon da ta mamaye Najeriya, ta Kano ta riƙa shigowa gunduwa-gunduwa.

Da farko 404 ce, wadda a-kori-kurarta ta yi wa manoma da 'yan kasuwar ƙauye aiki kamar jaki. Sai 504 ta karɓe fage. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da Fijo motar jami'an gwamnati, manya da ƙanana. A farkon shekarun 1980 masana'antar Kaduna ta kai tana fitar da mota sama da 50,000 a shekara.

Me ya sa 504 ta zauna da gindinta? Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye rami, tayoyin baya ke jan ta. Ita ce ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Amma babban sirrin ba a nan yake ba. Injinta mai kafireto ne, babu kwamfuta, babu wata na'ura mai wuyar sha'ani. Bakanike da sifana da sukundireba zai kwance ta ya ɗaure a gindin bishiya. Kuma tunda kowa ita yake hawa, duk garin da ka tsaya akwai mai sayar da fulogi da bel da kayan birki nata. A Turai an daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000.

Mai sayen motar farko a wancan zamanin ba shi da ciwon kai sosai. Sabuwa ce dal a leda, farashinta sananne, kuma maƙwabcinsa ma irinta gare shi.

RANAR DA SABUWAR MOTA TA FI ƘARFIN ALBASHI

Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje suka yi ƙaranci. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP, kuma a watan Satumba aka buɗe kasuwar musayar kuɗi da ake kira SFEM. Naira da take kusan kunnen doki da dala, cikin shekara guda sai da ta koma wajen naira 4 a dala ɗaya, kuma tun daga nan ba ta sake komawa inda take ba.

Masana'antun haɗa mota da kuɗin waje suke sayo sassa. Da naira ta karye, farashin sabuwar mota ya ninka, albashi kuwa yana nan inda yake. Volkswagen ta Legas ta durƙushe, na manyan motoci suka bi layi, Fijo ta Kaduna ta rage aiki ƙwarai. A 2006 gwamnati ta sayar da hannun jarinta ga 'yan kasuwa, a 2012 kuma hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashi.

Darasin farko kenan: farashin mota a Najeriya dala yake bi. Ba farashinta kaɗai ba, har na fitila da madubi da famfon mai. Duk ranar da ka ji dala ta tashi, ka sani kuɗin gyaran motarka ma ya tashi.

'YAR BELJIYAM DA 'YAR KWATANO

Da sabuwa ta gagara, sai aka koma gwanjo. Yarbawa suka ce tokumbo, wato wadda ta zo daga ƙetaren teku. Mu kuma muka ce 'yar Beljiyam, domin a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels ake tara tsofaffin motocin Turai, a loda su a jirgi daga tashar Antwerp. Har yau in bakanike ya ce maka zai sa maka injin Beljiyam, tsohon injin waje yake nufi, ko da daga Japan ya fito.

Yawancin motocin ba a Legas suke sauka ba, a Kwatano suke sauka, saboda harajin Jamhuriyar Benin ya fi sauƙi. Daga nan 'yan fito su ɗauko hanya: Parakou, Malanville, a tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya ta Nijar, a bi Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, sai a faɗo ta Jibiya zuwa Katsina da Kano. Wasu su wuce Damagaram su shigo ta Daura ko Maigatari. Wasu motocin a biya musu diyuti cikakke, wasu rabi, wasu kuma ta daji. Asalin matsalar takardun kwastam da har yau take cin mutane a hanya kenan.

A wannan zamanin ne motocin Japan da Jamus suka ture Fijo: Toyota Starlet, Corolla da aka yi wa laƙabi da First Lady, Datsun, Honda Accord, Golf, Opel Vectra. A tashoshinmu kuwa Hayis da J5 da Golf wagon suka gaji 504 wagon, daga baya Sharon ta shigo.

Akwai wata mota da ya kamata a tuna. A shekarun 1990 Daewoo Racer ta Koriya ta shigo, sabuwa, mai araha, mutane suka saya. A shekara ta 2000 kamfanin Daewoo ya karye. Yau ka zaga garejin Kano ka ƙirga Racer nawa za ka gani tana tafiya. Amma Golf 3, wadda aka daina ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1990, har gobe tana ɗaukar mutane da buhuna zuwa kasuwannin ƙauye. Dalili? Jamus ta ƙera ta da yawa, 'yan haya suka rungume ta, 'yan Ƙofar Ruwa suka cika shaguna da kayanta.

Ga misali na biyu, Pontiac Vibe. Kamfanin General Motors ya rufe sunan Pontiac gaba ɗaya a 2010, amma Vibe tana nan tana yawo a titunan Arewa. Abin da ya cece ta shi ne injinta da giyarta na Toyota ne, iri ɗaya da na Matrix da Corolla. Sunan da ke jikin bodi ya mutu, kayan cikin suna nan a kasuwa.

Darasi na biyu kenan: kada ka tambayi wa ya ƙera motar kawai, ka tambayi motoci nawa ne a yankinku suke amfani da kayan gyara irin nata.

ZAMANIN 'YAR AMURKA DA KWAMFUTA

Daga shekarun 2000 kasuwa ta karkata Amurka. Camry da Accord suka zama abin yayi, kowace da laƙabinta: Big Daddy, Muscle, End of Discussion, Discussion Continues, Anaconda. Da yawa daga cikinsu daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Bayan guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017, motoci masu ɗimbin yawa sun nutse a ruwa a Amurka, kuma irin waɗannan ba sa rasa masu saye a ƙasashen waje. Mai gyaran bodi ya buga, mai fenti ya fesa, ta fito tana ƙyalli.

Motar wannan zamani ta bambanta da 504. Kafireto ya tafi, injekta ya zo. Akwai ƙwaƙwalwa da ke sarrafa mai da wuta, akwai na'urorin ji a ko'ina, giya kuma ta zama atomatik. Bakaniken da ya ƙware da kunne da sifana, in bai koyi aiki da na'urar gwaji ba, sai ya koma canke: a canza wannan, a canza wancan, kuɗinka na tafiya.

Amma wannan kwamfutar ta zo wa mai saye da wata riba. Tun 1981 kowace motar Amurka tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Tun 1996 kuma doka ta tilasta a sa mata wata kafa ta gwaji mai suna OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Ma'ana motar yanzu tana iya ba da labarin kanta, in ka san yadda za ka tambaye ta. Za mu dawo kan wannan.

SHEKARUN DA SUKA SAKE LISSAFI

A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da sabon tsarin masana'antar motoci, aka ɗaga harajin shigo da ƙananan motoci don a farfaɗo da haɗawa a gida. Daga 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 ya sake toshe tsohuwar hanyar Kwatano zuwa Maraɗi.

Sai babbar girgiza. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000 a wurare da yawa. A watan Yuni 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Masu manyan motoci masu silinda shida suka jingine su a gida suka koma babur. 'Yar waje ta yi tsadar da yawancin masu sayen farko yanzu ta hannu suke nema, wato wadda wani ya riga ya hau a nan gida.

Darasi na uku kenan: kuɗin saye sau ɗaya ake biya, kuɗin mai kullum ne. Mu yi lissafi na misali. Mota ɗaya tana shan lita 8 a kilomita 100, ɗayar tana shan 13. In kana yin kilomita 1,000 a wata, bambancin lita 50 ne. A naira 900 kowace lita, naira 45,000 kenan a wata, 540,000 a shekara. Buhun masara nawa kenan?

TO MAI SAYE A TUDUN KAYA FA?

Wanda ke zaune a Nasarawa cikin birnin Kano da wanda ke Tudun Kaya ba mota ɗaya ta dace da su ba. Kai hanyarka akwai kwalta, akwai burji, akwai laka da damina. Motarka za ta ɗauki iyali, ta ɗauki buhun taki, wata rana da tsakar dare ta ɗauki mai naƙuda zuwa asibitin Karaye ko Gwarzo. Ranar nan ba kyan fitila ake nema ba, a murɗa makulli ta tashi ake nema. In kuma wani abu ya lalace wanda babu shi a kusa, sai an aika Ƙofar Ruwa, ko a nufi Zariya, yini guda ya tafi.

Ga abin da tarihin nan ke nuna maka:

1. Fara da gareji, ba da wurin dillalai ba. Je tashar Karaye ko ta Rogo ka ga motocin da 'yan haya ke bugawa, ka tambayi bakanike biyu ko uku wace mota suka fi sani, wace ce kuma kayanta ke samuwa ba sai an je Kano ba. Ɗan haya ba ya sayen mota don ado.

2. Silinda huɗu ta ishi mai farawa. Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Matrix da Vibe masu inji 1.8, sun yi suna wajen juriya da sauƙin mai, shi ya sa suke tsada ko sun tsufa. Golf 3 ta fi araha kuma kowa ya san ta, sai dai shekaru sun ja, ka duba tsatsa da wayarin. Fijo 406 tana da daɗin hanya, amma mai giyar hannu ta fi kwanciyar hankali a kan atomatik. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 an san wasunsu da shan baƙin mai. Accord ta 2003 zuwa 2007 tana son a riƙa duba kayan ƙafarta a kai a kai, musamman a hanya mai ramuka.

3. Duba tsayinta daga ƙasa da mutum biyar a ciki, ba tana wofi ba.

4. Kada ka zuba duk kuɗinka a saye. Ka ware wani kaso na juye, taya, batir, birki, canjin suna da inshora. Inshorar dole ta ƙananan motoci ta koma naira 15,000 tun Janairu 2023. Motar hannu ba ta rasa abin gyara a watan farko.

AIKIN DA WAYARKA ZA TA YI MAKA

Abin da mai sayen 'yar Kwatano a 1995 bai samu ba, kai yana aljihunka.

Na ɗaya, lambar VIN. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ƙofar direba. Ka tabbata ta zo ɗaya da ta takardu, harafi da harafi. Babu I, O ko Q a cikinta. A motocin Amurka, alama ta goma ita ke nuna shekara: 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, A na nufin 2010. Da wannan kaɗai za ka kama motar da aka canza wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru.

Na biyu, rubuta lambar a Google. In ta bi ta gwanjon Amurka, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo za su fito, ka ga inda ta bugu da kilomitar da take da ita a lokacin. Rahoton Carfax na kuɗi ne, amma bai kai kuɗin canza giya ba.

Na uku, 'yar na'urar ELM327 mai Bluetooth. Ka soka ta a kafar OBD2, ka haɗa da manhajar Torque ko Car Scanner, za ta nuna maka laifuffukan da ƙwaƙwalwar motar ta ajiye. Ka kuma lura: in ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilar inji da ta jakar iska dole su kama sannan su mutu. In ba su kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala.

Na huɗu, takardu. Lambar mota ana tantance ta a shafin hukumar FRSC, inshora a shafin NIID, takardar diyuti kuma a ofishin kwastam. Ka karɓi takardar ciniki da shaidu da hoton katin mai sayarwa.

Na biyar, kada ka tura ko sisi saboda hoton da ka gani a Facebook ko WhatsApp, musamman masu cewa gwanjon kwastam ne a rabin kuɗi. Ba a cinikin biri a sama. Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, ku tashe ta da safe inji na sanyi, ku ɗaga kafet ku duba laka da tsatsa, ku hau ta a kwalta da burji.

Iyayenmu sun hau 504 shekara ashirin ba don ta fi kowace mota a duniya ba, sai don ƙasar gaba ɗaya ta iya gyaranta. Yau babu mota ɗaya tilo irin wannan, sai kai ka nemo wadda yankinku ya iya. In aka yi dariya aka ce ka sayi motar 'yan haya, ba komai. Wanda ya sayi ta yayi, ku haɗu bayan damina biyu a sake hira.

Wanda ya san wani da ke shirin sayen mota a bana, ya tura masa wannan kafin ya biya kuɗi. Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mu da sharrin ƙarfe. Amin.